Kyautar Karatu Da Nauyin Da Ke Kan Iyaye A Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya fifita ɗan Adam da hankali da magana, ya kuma sanya alƙalami ya zama ma'ajin ilmi tsakanin mutanen farko da na baya. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, maganar wannan mako ta shafi kowane gida da ke da ɗa ko 'ya a makaranta, musamman a ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan da ke arewacin Jihar Kaduna. Sanannen abu ne cewa makarantun firamare da na Islamiyya sukan ware rana guda a ƙarshen shekara don raba kyaututtuka ga yaran da suka yi fice. Wasu malamai kuma sukan ba yaro littafi ya tafi da shi gida, tare da 'yar takarda wadda uba ko uwa za su sa wa hannu idan ya karanta, sa'an nan a tara adadin abin da ya karanta a saka masa da fensir ko littafin rubutu ko sabulu. Iyaye sun kasu a kan wannan. Waɗansu suna ganin abin wasa ne wanda bai kamata babba ya ɓata lokacinsa a kai ba. Waɗansu suna tsoron kada kwaɗayin kyauta ya ɓata wa yaro niyya. Waɗansu kuwa kyautar ce kaɗai a idonsu, har su taya yaro ƙarya don ya same ta. Dukansu uku suna bukatar bayani, domin kyauta iyakarta ta kawo yaro bakin ƙofar karatu, amma shigar da shi ciki da zaunar da shi aiki ne na mutanen gida.

ABIN DA AKA GANI A JIHAR KADUNA

Ba sai an je nesa neman misali ba. A watan Janairu na 2016 gwamnatin Jihar Kaduna, a zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta fara ciyar da 'yan makarantun firamare na gwamnati sau ɗaya a kowace ranar makaranta. Nan da nan azuzuwa suka cika maƙil, yaran da aka daɗe ana bin iyayensu da lallashi suka zo da ƙafarsu. Amma jaridu sun ba da labarin cewa a wurare da dama, da zarar an gama rabon abinci sai a ga aji ya ragu, yara sun kama hanyar gida. Abinci ya yi aikinsa, watau ya kawo su. Abin da bai iya yi ba shi ne ya sa musu son littafi.

A shekarar 2017 kuma gwamnatin ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 daga cikinsu ba su kai makin da aka yanka ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka gudanar da jarrabawar, har aka shiga yajin aiki a farkon 2018. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, darasi guda ya fito fili ga uba mai hankali: bai kamata ya miƙa ɗansa ga makaranta ya juya baya ya yi barci ba. Daga baya kuma aka kawo shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Kaduna tana cikin jihohi 7 na farko, kuma a cikin tsarinsa har da tallafin kuɗi ga iyalai marasa ƙarfi domin 'ya'yansu mata su zarce sakandare.

Duk waɗannan hanyoyi ne na jawo yaro. Amma zuwa makaranta daban, iya karatu daban. A rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Hamada, yara 89 cikin 100 masu shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da yake nufi. Da yawansu kuwa suna da rajista a makaranta, suna sa rigar makaranta kullum safiya. Wannan ita ce musibar da ake magana a kanta. Yaro ya shekara 6 yana tafiya yana dawowa, ranar da aka miƙa masa takardar asibiti ya karanta wa mahaifiyarsa sai ya sunkuyar da kai.

MATSAYIN KYAUTA A WURIN MAGABATA

Addinin Musulunci bai ɗauki koyon karatu da rubutu ƙaramin abu ba. Ayoyin farko da suka sauka, waɗanda ke farkon Suratul Alaƙ, da umarnin karatu suka zo, suka kuma ambaci alƙalami. Bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da ba su da abin fansar kansu amma sun iya rubutu, an sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu, malaman tarihi suka ce kowane mutum ɗaya yara 10. A lura da cewa waɗannan malamai ba Musulmi ba ne a lokacin, abin da suka koyar kuma baƙi ne da rubutu kawai. Wannan ya isa amsa ga wanda ke ganin koyon karatun boko ba ya cikin abin da addini ya damu da shi.

Game da jawo hankalin yaro da ɗan abin marmari kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz, Allah ya yarda da ita, cewa matan sahabbai sukan sa ƙananan yaransu azumin Ashura, su yi musu 'yan kayan wasa da gashin tumaki, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya yi ta wasa har lokacin buɗe baki. An kuma ruwaito cewa Zubaidu Alyami, ɗaya daga cikin malaman Kufa na farko, yakan sayi 'ya'yan itacen da yara ke so ya yi musu alkawarinsu idan sun zo salla. Da aka yi masa magana, sai ya nuna cewa 'yan dirhamin da yake kashewa ba komai ba ne idan yaran za su saba da salla. Alhaɗibul Bagadadi kuma ya kawo labarin Ibrahimu ɗan Adhama, wanda mahaifinsa ya yi masa alkawarin dirhami guda a kan kowane hadisi da ya ji ya haddace. Wannan yaro da aka fara da dirhami, shi ne daga baya ya zama abin buga misali wajen gudun duniya. Imamul Gazali ma a cikin Ihya'u ya yi wasiyya cewa duk lokacin da yaro ya nuna kyakkyawan hali a girmama shi, a saka masa da abin da zai faranta masa rai, a yabe shi a gaban mutane.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan hikima ba ce. A makarantar allo, tun daga babbaƙu zuwa farfaru har yaro ya fara ɗaukar sura, akwai matakan da idan ya kai su ake yin sadaka daga gidansu, 'yan'uwansa almajirai su ci su yi masa addu'a. Ranar sauka kuwa a yi wa allonsa zayyana, a ɗinka masa sabuwar riga, a yi walima, dangi su taru su yi masa kyauta. Kowane yaro da ke zaune a gefe yana kallo yakan ƙudura a ransa cewa shi ma sai ya ga wannan rana. A kan wannan tushe ne aka gina musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta fara a 1986, ana tace masu shiga tun daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa baki ɗaya. Haka nan a Zariya, wadda ke maƙwabtaka da waɗannan garuruwa, gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yau ba mai tambayar nawa aka ba marubutan, amma littattafan suna nan ana karantawa.

Saboda haka kyautar da hukuma ko malami ko uba zai ba yaro don ya yi karatu halal ce, tana cikin babin kyauta da kuma ladan da ake yankawa ga wanda ya cika wani aiki, abin da malaman fiƙihu ke kira ji'ala. Abin da za a guje wa shi ne a karɓi kuɗi daga hannun yaran, a tara, sa'an nan a miƙa wa wanda ya ci, sauran su tashi a tutar babu. Wannan ya ɗauko kamannin caca, bai dace a koya wa yara shi da sunan ilmi ba.

TSORON LALACEWAR NIYYA

Masu tsoron kada kyauta ta ɓata niyya ba su yi magana a banza ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira gargaɗi mai tsanani ga wanda ya nemi ilmin da ake neman yardar Allah da shi, alhali ba abin da yake nufi sai wani abin duniya. Amma wannan gargaɗi yana kan baligi mai hankali wanda alƙalami ya hau kansa. Yaro ɗan shekara 7 bai san daɗin ilmi ba tukuna, daɗin rake da alewa ya sani. Ana kama hannunsa ne daga inda yake a kai shi inda ake so. An ruwaito daga magabata da dama cewa sun fara neman ilmi ba da tsarkakakkiyar niyya ba, amma ilmin da kansa ya yi ta jan su har niyyar ta gyaru. Sharaɗin dai shi ne a sami babba a kusa wanda zai riƙa juya fuskar yaron sannu a hankali daga kyautar zuwa ga karatun.

Binciken masana na wannan zamani ya zo daidai da wannan. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam su uku, Lepper da Greene da Nisbett, sun yi gwaji a makarantar ƙananan yara ta Jami'ar Stanford a Amurka. Suka zaɓi yaran da dama can suna son zane, suka yi wa kashi ɗaya alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, kashi na biyu aka ba su takardar ba zato bayan sun gama, kashi na uku ba a ba su komai ba. Bayan 'yan kwanaki da aka bar su su yi abin da suka ga dama, sai aka ga waɗanda aka yi wa alkawari sun rage zanen ƙwarai, sauran kuwa suna nan yadda suke. Ma'ana, idan yaro ya riga ya so abu, ciniki da shi a kan abin yana iya mai da shi ƙwadago a idonsa.

Wani masani kuma, Roland Fryer na Jami'ar Harvard, ya gwada biyan 'yan makaranta kuɗi a wasu biranen Amurka daga 2007, ya buga sakamakon a 2011. A New York da Chicago an biya yara a kan makin da suka ci, ba a ga wani canji na a zo a gani ba. A Dallas kuwa an biya 'yan aji biyu dala 2 a kan kowane littafi da suka karanta suka amsa tambayoyi a kansa, sai karatun waɗanda Turanci ne harshensu ya ƙaru, amma yaran da harshensu na gida Sifaniyanci ne ba su amfana ba. Abubuwa biyu ke nan ga iyaye. Na farko, a rataya kyauta a kan aikin da ke hannun yaro, kamar zama ya karanta shafi biyu, domin ya san yadda zai yi wannan, amma bai san yadda zai yi ya zo na ɗaya a aji ba. Na biyu, kyauta ba ta buɗe littafin da yaro bai san harshensa ba. Ɗan Paki ko Gimi ko Likoro, da Hausa ya buɗe baki, da ita kuma ya fi sauƙin gane yadda baƙi ke zama magana, sa'an nan ya ɗauki wannan sani ya shiga Turanci da shi.

AIKIN DA KE KAN GIDA

Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya kamanta kowane mutum da makiyayi wanda za a tambaya game da kiwonsa, ya ambaci miji a kan iyalinsa, ya ambaci mace a kan gidan mijinta da 'ya'yansa. Makiyayi ba ya kai garke daji ya dawo gida ya kwanta. Ga abubuwan da wannan kiwo ke bukata ta fuskar karatu.

Farkonsu lokaci sananne. Ba a bukatar awa guda. Minti 15 ko 20 a kowace rana sun fi awa uku a daren jarrabawa, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Kowane gida ya duba inda ya fi masa sauƙi, ko bayan sallar La'asar, ko bayan Isha'i kafin barci ya kama ido, yadda ba zai ci karo da makarantar allo ko ta Islamiyya ba. Wannan yanki na manoma ne, akwai lokacin saran rake da dafa mazarƙwaila a Maƙarfi da Kudan, akwai lokacin tsinkar tumatir a fadamun Ikara da Hunƙuyi, kuma ba aibi ba ne yaro ya taimaki iyayensa. Aibin shi ne a ce cikin sa'o'i 24 an rasa minti 20 na littafi. Gidan da ake samun hanyar cajin waya kullum ba zai rasa 'yar fitila mai aiki da hasken rana ba.

Na biyu, sauraro. Yaro ya karanta a bayyane, babba yana zaune kusa da shi, ya ajiye rediyo da waya. Uban da bai yi boko ba kada ya ce ba shi da abin yi a nan. Kunnensa ya san Hausa, yana iya gane inda magana ta karye. Idan yaro ya gama, sai ya ce ya rufe littafin ya ba shi labarin abin da ya karanta, ya tambaye shi wane ne ya yi kaza, me ya sa ya yi, me yake zato zai biyo baya. Wanda ya yi karatun allo ma ya fi kowa sanin sirrin abin, gama yadda ake ɗora wasali a kan baƙi a farfaru, haka ake haɗa baƙi da wasali a boko su ba da gaɓa, gaɓoɓi su ba da kalma. Wasulan Hausa a boko 5 ne kacal, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake faɗi.

Na uku, rarrabe hadda da karatu. Yaran wannan ƙasa Allah ya hore musu kaifin hadda, sau da yawa yaro yakan rera shafi guda daga sama har ƙasa alhali idonsa na kan bango. Maganin wannan mai sauƙi ne: a buɗe tsakiyar littafi, a ɗora yatsa a kan kalma guda a ce ya faɗe ta, ko a ce ya fara daga layin ƙarshe. Idan ya kasa, an gano inda ciwon yake tun da wuri, sai a koma kan baƙaƙe da gaɓoɓi ba tare da tsawa ba.

Na huɗu, abin karantawa. Inda littafin makaranta bai isa ba, rubutu yana ko'ina: jikin buhun taki, kwalin magani, allon sanarwa a bakin hanya, saƙon da ya shigo waya, jaridar Hausa ta makon jiya. Uban da ya sayar da amfanin gona a kasuwar Maƙarfi, ya kamata cikin tsarabar da zai kawo gida wata rana a sami littafi, ko Magana Jari Ce, ko Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa, ko wani ɗan littafin tarihin Annabawa da Hausa. Kyautar da ta fi dacewa da karatu ita ce wani littafin, domin ita kaɗai ce kyautar da ke ƙara abin da aka ba da ita saboda shi. Kuma yaron da ya iya boko da kyau, ƙofar addini ma ta ƙara buɗe masa, tun da yake akwai tarjamar ma'anonin Alƙur'ani da Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da ta Shaihu Nasiru Kabara, ga kuma littattafan fiƙihu da hadisi da aka fassara.

Na biyar, hannu da yawa. Yaya ya saurari ƙane, ƙanwar uba da ta yi sakandare ta karɓi kwana biyu a mako, maƙwabta su haɗa 'ya'yansu a zaure ɗaya a ƙarƙashin fitila ɗaya. Uwa kuwa ita ce ginshiƙi, domin ita ke tare da yaro yawancin yini. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru don kai ilmi ga mata har ƙauyuka. Don haka 'ya mace tana da haƙƙi a wannan zama daidai da ɗa namiji, kada a ce ita ce mai talla da wanke-wanke a daidai lokacin da ɗan'uwanta ke riƙe da littafi.

Na shida, sauƙin hali. Ibnu Haldun ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa zuciya, tana koya masa ƙarya da yaudara don gudun hukunci. Yaron da ya san cewa kowane tuntuɓen harshe bulala ce ke biye da shi, zai tsani littafi kamar yadda ya tsani bulalar. Idan ya yi kuskure a dakata kaɗan a ba shi dama ya gyara da kansa, in ya kasa a faɗa masa a wuce. Gazali ma ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan makaranta, domin hana shi wasa gaba ɗaya yana dushe masa basira.

GASKIYA DA ALKAWARI DA ADALCI

Akwai wurare uku da iyaye kan zame a wannan al'amari, kuma kowannensu yana da nauyi a wurin Allah.

Na farko shi ne sa hannu a kan abin da ba a yi ba. Idan malami ya aiko da takarda yana neman shaidar cewa yaro ya karanta, uba ya dangwala hannu alhali bai ji ko layi ɗaya ba, to ya ba da shaidar zur, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin manyan zunubai. Ƙanƙantar abin da za a samu ba ta rage munin aikin. Ya zalunci yaron wani wanda ya yi karatun da gaske, ya ruɗi malami, mafi muni kuma ya koya wa ɗansa da hannunsa cewa ana samun lada ba tare da aiki ba. Yaron da aka fara wa haka a aji biyu, shi ne zai nemi satar amsa a jarrabawar fita sakandare. Gara a mai da takarda babu sa hannu, a gaya wa malami gaskiya cewa wannan mako ba a samu zama ba.

Na biyu shi ne saɓa alkawari. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa wata rana yana ƙarami mahaifiyarsa ta kira shi da cewa za ta ba shi wani abu, Annabi yana zaune a gidan. Sai ya tambaye ta abin da take nufin ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. To ina ga wanda ya yi wa ɗansa alkawarin keke idan ya gama littafi, alhali ya san ba shi da halin saye? Alkawari kaya ne. A yi shi daidai ƙarfi, ko da gaɓar rake ce ko ƙuli-ƙuli ko rakiya zuwa kasuwa, a kuma cika shi a kan lokaci.

Na uku shi ne bambanci tsakanin 'ya'ya. Lokacin da Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya keɓe ɗansa guda da kyauta ya nemi Annabi ya yi shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da tsoron Allah da yin adalci tsakanin 'ya'yansa. A gidan da ke da ɗaki biyu ko uku wannan wuri ne mai santsi. A sa ƙa'ida ɗaya ga kowa, kuma a auna kowane yaro da inda yake jiya, kada a auna shi da ɗan'uwansa. Wanda jiya bai san baƙi 10 ba yau ya san su, ya cancanci yabo kamar wanda ya gama littafi. Idan makaranta ta raba kyauta yaro ya dawo hannu wofi, ranar ce ya fi bukatar kyakkyawar kalma daga iyayensa, domin gori a irin wannan rana yana iya raba shi da littafi har abada.

Sa'an nan a tuna cewa kyauta tsani ce, idan an hau ana barin ta. Yayin da yaro ya fara ɗaukar littafi da kansa ba wanda ya sa shi, sai a rage ciniki, a bar kyautar ta riƙa zuwa jefi-jefi ba zato, a yawaita yabo da addu'a. Ibnu Abbas yana yaro ya ajiye wa Annabi ruwan alwala ba a sa shi ba, ladan da ya samu shi ne addu'ar Allah ya fahimtar da shi addini, kuma duniya ta ga abin da wannan addu'a ta haifar. Albarkar da uwa za ta sa wa ɗanta bayan ya karanta mata shafi guda ta fi duk abin da za a naɗe a takarda a miƙa masa a gaban taro.

Ya kamata limamai da hakimai da dagatai da ƙungiyoyin iyaye da malamai na Ikara da Maƙarfi da Kudan su riƙa tunatar da jama'a wannan nauyi a masallatai da wuraren taro. Ya kamata kuma kowane magidanci ya gwada abu guda a daren yau: ya kira ɗansa ko 'yarsa da ke aji uku ko huɗu, ya buɗe littafi a tsakiya, ya ce a karanta masa. Abin da kunnensa ya ji shi zai nuna masa inda aiki ya tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shiryi zuriyar Musulmi, ya ba su ilmi mai amfani da aiki da shi, ya ba iyaye ikon sauke amanar da ya ɗora musu, ya saka wa malamai da alheri. Amin.